Zare Kala Uku

A ɗakin adana tsofaffin takardu akwai wata ma'aikaciya da abokan aiki ke kira Tambayau, don ba a aje abu gabanta ta bar shi bai sha tambaya ba. Wata safiya aka shigo mata da akwatin ƙarfe cike da wasiƙun wani likitan dabbobi da ya daɗe da rasuwa. Iyalinsa ne suka bayar a adana.

Ta sa safar hannu ta buɗe. Wasiƙun a ɗaure suke dami-dami, wasu da jan zare, wasu da baƙi, wasu da fari. Ta duba kwanan wata, ba su bi juna ba. Ta duba masu aikowa, sai ga mutum ɗaya a cikin kala duka uku.

Ta ɗauko almakashi ke nan shugabanta ya leƙo.

"Me za ki yanka?"

"Zaren, yallaɓai. In jera su shekara-shekara."

"Aje tukuna. Yadda mai abu ya tsara kayansa, shi ma tarihi ne. Ki ba kowane dami lamba yadda kika same shi."

"To me kalolin ke nufi?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ai ke ce Tambayau."

Ta bi umarni. Ta ciccire ƙananan ƙusoshin maƙala takardu da suka yi tsatsa, ta sa kowane dami a jakarsa, ta rubuta mai aikowa da shekara da fensir. Amma zaren ya tsaya mata a rai, ko abinci take ci yana nan. Da ta gaji da canki-canki, sai ta nemi 'yar marigayin ta roƙe ta ta zo.

Tsohuwa ce mai sanda, ga barkwanci. Tana ganin damin ta fashe da dariya.

"Baba ke nan. 'Yata, jan zare waɗanda ya ba amsa ne. Baƙin kuwa waɗanda suka ɓata masa rai, ya ce sai ya huce zai amsa."

"Ya huce, Inna?"

"Ga su nan kina gani."

"Farin fa?"

Inna ta jawo kujera ta zauna. Ta ce waɗannan su ne yake karanta musu a tsakar gida bayan an ci abinci, yana kwaikwayon muryar mai wasiƙar. Idanunta sun yi rauni yanzu, sai ta ce a karanto mata ɗaya.

Tambayau ta zaro ta wani makiyayi da ke kai ƙarar bijimin sansa, wai tun da likita ya yi masa allura ya daina kula kowa a gidan. Ba ta kai rabi ba Inna ta karɓe, ta ƙarasa sauran da ka, har da muryar. Shugaban da ya fito ya ce a rage surutu ya ɓige da jingina a bakin ƙofa yana saurare.

Bayan ta tafi, Tambayau ta rubuta bayanin kalolin a farkon kundin jerin wasiƙun, ta ambaci wadda ta faɗa mata. Tana mayar da jakunkuna cikin akwatin ta ci karo da wasiƙu biyu a ƙasansa, ba zare ko ɗaya a jikinsu. Ta juya su, ta ba su lambarsu daban, sannan ta ɗauki waya ta kira Inna.