Fijon Alhaji Baballe Mai Son Dama

A shekarar 1961 Alhaji Baballe, mai shigo da atamfa ta tashar jiragen ruwa, ya sayi mota Fijo baƙa a hannun wani Bature da zai koma gida. Shi da kansa yake tuƙa ta kullum daga unguwarsu Bromakoté zuwa sito a unguwar Treichville, gwiwar hannu a waje don a ga agogo. Wata biyu tana tafiya sumul, sai rana guda ta fara ja dama. A kan sabuwar gada abin ya fi muni, domin dama can ruwa ne, Alhaji kuwa ko a kwatarniya bai iya iyo ba.

Ya kai ƙara wurin amininsa Malam Abdulra'uf, mai karantar da manya a zaurensa bayan la'asar. Malam ya ja carbi, ya fara da cewa ai dama alheri ce, 'yan aljanna ma ta nan za a karɓi littafinsu. Da ya ga Alhaji bai yi dariya ba, sai ya sauya fatawa: Baturen nan mashayi ne, motar ta saba ratsewa gidajen giya, ga kuma mutanen ruwa da ke kiran duk abin da ke ƙyalli. Aka yanka rago, aka wanke allo aka yayyafa wa tayoyi huɗu har da ta safaya. Washegari motar ta kusa kwashe mai tallan ayaba.

Sai Alhaji ya nufi unguwar Arras wurin Ɗantani bakanike, wani Badamagare mai baƙin baki da ya yi shekara goma yana gyaran motocin sojan Faransa. Malam ya ce zai raka shi, ya zauna gaba yana ta kallon taga.

Ɗantani ya saurari zancen mutanen ruwa har ƙarshe, ya ce shi dai aljanun da ya sani ba su wuce huɗu ba, zai bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai motar shimfiɗaɗɗen titin bayan sitocin tasha, ya saki sitiyari, ta zarce dama kamar akuyar da ta hango dusa. Suka dawo ya gwada iskar tayoyi, ya tarar daidai take. Ya musanya tayoyin gaba, ya ce in laifin taya ne yanzu za ta koma jan hagu. Ba ta koma ba. Ya sake zagayawa da ita, ya dafa kowace ƙafa da tafin hannu ko birki na kamawa, babu wadda ta fi wata zafi. Daga nan ya ɗaure zare daga tayar baya zuwa ta gaba, ya tsuguna ya kanne ido ɗaya, ya yi tsaki, ya shige ƙarƙashi.

Da ya fito ya ce ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar dama ya lanƙwashe, ga kuma farar ƙasa da ɓurɓushin siminti a jiki. An daki wani abu, kuma ba da wasa ba.

Alhaji ya rantse ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma babu mai taɓa masa mota. Ɗantani ya tambaya ko ta taɓa kwana a wani wuri. Sai Alhaji ya tuna ya je garin Bouaké a jirgin ƙasa kwana uku, ya bar ta a ƙofar gidan Malam, makulli ma a hannun Malam, don nan ne ɓarawo ba ya zuwa.

Duka biyu suka juya suka dubi Malam. Malam yana ta gyaran rawanin da babu abin da ya same shi.

"Allah gafarta Malam," in ji Ɗantani, "aljanin nan da rawani ya zo?"

Malam ya yi gyaran murya ya ce shi dai ya ga rana na dukan amanar da aka ba shi, ya so ya matsar da ita inuwa. Ya sha ganin yadda Alhaji ke yi, bai ɗauka abin ya fi nahawu wuya ba. Ashe motar ba ta san tsaya ba. Ta bi da shi gangara, ta wuce masu gawayi, sai da ta haɗu da dakalin wani mai shago. Mutum shida suka turo ta gida, ya roƙe su su rufa masa asiri.

"To Malam, da ka san haka, ragon fa?" in ji Alhaji.

"Alhaji, ai sadaka ba ta faɗuwa ƙasa. Kuma wanda ya tsira daga wannan gangara, wallahi ya cancanci a yanka masa rago."

Ɗantani ya yi dariya har ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya cire ƙarfen, ya sa wani da ya ciro daga wata Fijo da ta mutu a bayan gareji, ya sake jan zarensa har ƙafafun suka daidaita. A hanyar komawa gida Alhaji ya ɗaure fuska, Malam kuma ya koma kujerar baya da kansa.

Juma'a biyu Alhaji yana sallah a Treichville don kada su haɗu. A ta uku matarsa Saudatu ta ce masa duk unguwa ta riga ta ji labari daga bakin masu gawayi, shi kaɗai ya rage yana fushi. Ya je zauren, suka gaisa, aka sha shayi.

Bayan haka Malam ya riƙa zuwa wurin Ɗantani kowace Lahadi yana koyon tuƙi a filin bayan tasha. Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar permi, wato lasisin tuƙi, a karo na uku Baturen da ke gwajin ya ba shi, wasu suka ce don ya gaji da ganinsa ne. Ya sayi tsohuwar mota Reno ƙarama, kuma har ya tsufa, in ya karyo kwanar Bromakoté mata na janye farantan tallansu.