Ɓargon Madina a Jikin Siddiƙ

Madina ce ta ba ƙanenta Siddiƙ ɓargo. Tun yana yaro ciwon sikila ke murƙushe shi, kuma da aka gwada 'ya'yan gidansu na Fakku, nata kaɗai ya dace da nasa. Ta bar miji da yara a Dogon Daji, ta bi shi har wani asibiti a Kudu. Aka zuƙo ɓargon daga ƙashin ƙugunta, aka ƙara masa kamar yadda ake ƙarin jini.

Da fari abin ya yi kyau. Daga baya fatarsa ta feso da ƙuraje tana saɓulewa, ga gudawa ba tsayawa. Likita ya zaunar da Madina ya yi mata bayani: sabon ɓargon ya zo da tasa garkuwar jikin, bai san jikin Siddiƙ ba, shi ya sa yake yaƙarsa. Za a yi ta ba shi maganin da zai kwantar da garkuwar har su saba.

Cikin duk bayanin nan, abin da ya zauna mata a rai shi ne abin jikinta ke cin ƙanenta.

Da suka dawo gida, sai ta ɗauke ƙafa daga Fakku. In an tambaye ta, ta ce hanyar Kebbe da ake bi zuwa can ta lalace. A waya take jin labarinsa daga bakin Innarsu: ya rame, ya fara cin abinci, an rage magani. Ita kuwa sai azumi da addu'a.

Bayan kaka ta biyu, ran nan da hantsi tana sussukar gero, sai ga Siddiƙ ya yi sallama, fuska duk tabo.

"Yaya, mi niy yi maki kinka guje ni?"

Ta ajiye taɓarya. "Ɓargona fa yam mai da kai haka. Kunyar ganinka nika ji."

"To, likita ya tsai da magani gaba ɗaya," in ji shi. "Ya ce ɓargon da jikina sun saba, ba mai taɓa wani. Jinin da ke jikina yanzu ɓargonki ka yin shi."

Ta kamo hannunsa, ta daɗe tana duban tabon.

"Wanga zai ɓace?"

"A'a. Idanuna ma ba su hawaye, sai na ɗiga magani. Amma ƙashina ya bar ciwo, Yaya."

Ta share nata hawayen da gefen zane, ta shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumbu, ta shiga ɗora tukunya.