Jirgin Rasha Mai Rawaya a Fiffike

Tauno ya tsufa da zuwa bakin daga, sai aka ɗora shi kan hasumiyar katako a dajin Karelia yana wa sojojin Finland gadin sama. Ran nan ya ji rugugin jirgin Rasha mai jefa bom, ƙarar da ya sani kamar tarin matarsa. Ya ɗauki waya zai ce masu igwa su harbo shi.

Kerttu, abokiyar aikinsa, ta riƙe masa hannu. "Kawu Tauno, goge tabarau tukuna."

Ya goge. Ƙarƙashin fikafikan akwai rawayan fenti irin na jiragen Finland. Jirgin Rasha ne da aka kakkaɓo bara, makanikan Finland suka gyara.

Tauno ya gyara murya a waya. "Kada ku taɓa shi. Haifaffen Rasha ne, amma yanzu mu yake wa aiki."