Muryar Malama Ƙararrawa

Ina tsakiyar haɗa hannun wata riga na ji ana dukan bangon da ya raba ɗakina da na Malama, duka sosai da tafin hannu. Na ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki na saurara.

"Tela! Don girman Allah ki tsayar da keken nan!"

"Malama, mai rigar nan da yamma za ta zo karɓa," na amsa mata ta taga.

"To zo ki ji ɓarnar da kika yi mini."

Na zura takalmi na fita. Da ƙyar ƙofarta ta buɗu, don ta jingine katifa a bayan ƙofar saboda tare hayaniya. Ta rataya bargo a taga, ɗakin ya yi duhu da zafi kamar cikin tukunya. A kan teburin gugarta akwai wata tsohuwar kwamfuta mai naɗewa, gefe kuma wayarta ce a jingine da tarin littattafai, ga wani ɗan makirfo da ta cusa cikin safa. Ta danna wani abu, sai ga muryarta tana bayanin yadda ƙwayar wake ke tsirowa. A ƙarƙashin kowace kalma kekena ne ke ta ƙara, har bayanin ba ya fita.

Dariya ta ƙwace mini. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Gidanmu gidan haya ne, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, ɗakuna a jere. Malama ta riga ni shigowa da shekaru. Kimiyya take koyarwa a firamaren da ke ƙarshen layinmu, kuma yara sun sa mata suna Ƙararrawa, domin idan tana aji mai wucewa ta titi ma sai ya koma gida da darasi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba su haihuwa ba. Ƙane ɗaya gare ta, direban babbar mota, shi take kira Auta duk da furfurar da ta fara fito masa a gemu. Watannin baya na lura muryarta ta dusashe, na ɗauka ƙurar alli ce, har na dinga kai mata zuma.

"Zauna," ta ce, ta janye kayan guga daga kan kujera. "Ba alli ba ne, ƙanwata. Likita ya ce wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro. Za su yi aiki su cire shi, amma da muryar za su haɗa."

Sai na hau salati.

"Bar salatin nan haka, kada ki sa ni kuka, kuka na cinye murya," ta ce. "Abin da ya rage mini nake so in kwashe in ajiye wa yaran nan. Duk darussan zangon ƙarshe. Idan na dawo ba baki, sai a kunna musu."

Ta ce an taɓa kawo musu masu horo makaranta, suka nuna yadda ake haɗa bidiyo da zane mai motsi don koyarwa. Ita ce kan gaba wajen yi musu ba'a, har ta ce wanda bai iya riƙe aji da bakinsa ba, katun ba zai riƙe masa ba. Yanzu ga ta, ta haura hamsin, tana neman haruffa da yatsa ɗaya, tana bin darussan kyauta a intanet, ta kalla, ta tsayar, ta gwada, ta koma baya.

Muka yi yarjejeniya. Muryarta ta fi fita da safe bayan ta sha ruwan ɗumi, don haka keke sai bayan azahar. Da safe nakan ɗauki aikin hannu, maɓallai da kalmasa, in shiga ɗakinta in zauna a bakin gado. A haka na ga yadda abin yake. Akwai wani dogon layi a ƙasan allon kwamfutar, hotuna a jere a sama, murya a ƙasa kamar haƙoran zarto. Inda ta yi tari sai ta ɗauki wani ɗan almakashi ta datse nan, ta datse can, ta jefar da tsakiyar, ta jawo bakin biyu su haɗu.

"Ashe ɗinki kike yi," na ce.

"Ɗinki ne mana. Sai dai yadina ba ya ƙaruwa."

Zanen ne ya fi ba ta wuya. A wani shafi take yinsa, inda ake zaɓar mutum ko bishiya ko gajimare a ja shi da linzamin kwamfuta a ce masa ya tafi daga nan zuwa can. Ranar da ta fara darasin ruwan sama, ɗigon ruwan ya tashi daga ƙasa ya shige gajimare da gudu, rana kuma ta faɗo cikin kogi. Akwai wata 'yar tsana mai tabarau da ta zaɓa ta tsaya a madadinta, wadda bakinta kan ci gaba da motsi bayan magana ta ƙare.

"Kin gan ta ko? Sak ni," in ji Malama. "Ko an tashi aji ba ta san an tashi ba."

Muka yi ta dariya har tari ya sarƙe ta, na tashi ina shafa mata baya.

Ba kullum ake dariya ba. Wata safiya muryar ta fito mata tas kamar ta da, ta yi darasin zuciya daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe. Tana cikin jera hotuna aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuwa ya daɗe da mutuwa, allon ya yi baƙi. Da wuta ta dawo muka duba ko'ina, babu. Ba ta adana ba. Na ce ta yi haƙuri, gobe ma rana ce.

"Zanen zan sake shi," ta ce a hankali. "Muryar yau fa, wa zai ba ni ita gobe?"

Tun daga ranar, ko atishawa ta yi sai ta danna adanawa. Maigidana, da yake mai gyaran wuta ne, ya samo mata wani tsohon batirin mota ya haɗa mata.

Ana cikin haka Auta ya dawo daga doguwar tafiya. Ko wanka bai yi ba ya shigo, rigarsa duk baƙin mai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon katifa da bargo da wayoyin da suka bi ƙasa.

"Yaya, na biya ta asibiti. Sun ce ranar da suka ba ki ta wuce, ba su gan ki ba."

"Zan je, Auta. Saura kaɗan in gama."

"Haka kika ce mini a waya wancan karon."

"Idan na je yanzu, shi ke nan an rufe bakin. Yaran nan jarrabawar fita ce a gabansu, malamin da aka ba su kuwa na lissafi ne, karanta musu littafi kawai yake yi."

Na yunƙura zan fita, ya ce, "Zauna, Tela, ke ma ki zama shaida." Ya durƙusa a gaban yayarsa, ƙaton mutum, ya dafa gwiwarta. "Yara za su sami wata malama. Ni ina zan samo wata yaya? Ke kika goya ni, ke kika sa ni makaranta na gudu, kika bi ni da bulala har tasha. In kin dawo ba ki magana, ni na yarda. Ki dinga harara ta, ya ishe ni."

Malama ta ɗora hannu a kansa. Washegari ya kai ta asibiti.

Ba a yi aikin ba. Da suka sake ɗaukar hoto suka ga abin ya wuce maƙogwaro ya sauka ƙirji. Auta ya tambayi likita ko da ta zo a kan lokaci da an ci nasara, likitan ya ce wannan ba wanda zai iya rantsuwa a kai. Suka ba ta magungunan rage ciwo, ta ce a mai da ita ɗakinta.

Ta dawo muryar ta koma raɗa, sai ka kai kunne bakinta. Na ɗauka maganar bidiyo ta ƙare. Amma da safe na ji an ƙwanƙwasa bango, a hankali wannan karon. Na same ta a zaune an tokare ta da matasai, kwamfutar a kan cinyarta. Ta juyo mini da allon. Ta rubuta da manyan haruffa: "Darasin hasken wata ya tsaya a rabi. Ara mini bakinki."

"Ni? Malama, ni da ban gama firamare ba? Yara su yi mini dariya?"

Ta sake rubutawa: "Kin iya ciniki da masu yadi. Yara ba su kai su wuya ba."

Haka na zauna gaban makirfon nan mai safa. Ita ke rubuta jimla, ni in karanta. Idan na yi sauri ta buga tebur da cokali. Idan na karanta kamar mai karanta sanarwa sai ta yamutsa fuska ta nuna mini ƙirjinta, wai in faɗa kamar na yarda da abin. To, kafin in yarda sai da na gane. Ta sa na rufe ƙofa, ta kunna tocila, ta ba ni ƙwallo na riƙe ina juyawa a tsakar ɗaki, har na ga da idona yadda haske ke cin gefe ɗaya ya bar ɗayan. Shekaruna duka ina kallon wata yana ƙaruwa yana raguwa, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta haɗa muryata da tata a tsakiyar darasin, ta ƙara wata 'yar tsana ta biyu mai tef ɗin awo a wuya.

Shugabar makarantarsu ta zo duba ta, ta kwashi darussan da aka gama. Bayan 'yan kwanaki ta dawo da wayarta a hannu.

"Malama, ga 'ya'yanki," ta ce.

Ta ɗauko ajin ne a bidiyo. An ɗora talabijin a kan teburin malami, yara sun cika benci har ƙasa. Muryar Malama ta da ta cika ɗakin: "Me tsiro yake nema kafin ya fito?" A nan ta bar ɗan fili don su amsa. Yaran suka ɗaga hannuwa suna ihu, "Ruwa! Ruwa, Malama!" kamar tana tsaye a gabansu. Shugabar ta juya tana share ido. Malama kuwa ta sa aka maimaita mata wurin, ta sake sa aka maimaita. Ta nuna wata yarinya a bencin baya wadda ta fara ɗaga hannu a makare, kafin ta buɗe baki muryar ta wuce gaba.

Ta jawo ni kusa. "Filin ya yi kaɗan," ta raɗa mini. "Waccan ba ta da sauri, amma ta sani."

Aikinta na ƙarshe ke nan. Ta bi darussan ɗaya bayan ɗaya, duk inda ta yi tambaya ta datse layin ta buɗa tsakani. Linzamin na zame mata, wani lokaci sai na riƙe mata wuyan hannu. Takan rufe ido ta motsa leɓe, tana auna tsawon lokacin da yaro mai jin kunya zai ɗauka kafin ya yi magana, sannan ta buɗe ido ta ƙara kaɗan. Auta ya ajiye mota ya tare a gidan, yana kwana a tabarma a bakin ƙofa. Bai sake yi mata faɗa ba. Shi ne ma ke fita da wayar bakin titi, inda netiwok ya fi ƙarfi, ya tsaya a rana har darasi ya gama hawa intanet.

Ranar da za ta rasu, da safe na yi mata wanki, na ba ta ruwan ɗumi a cokali, ta sha kaɗan ta kau da kai. Ba ta nemi kwamfuta ba. Wajen azahar ta nuna taga. Auta ya ɗauka iska take so, ya ɗauko mafici. Ta girgiza kai, ta sake nunawa.

"Bargon take so a cire," na ce.

Ya ciro shi da ƙusoshinsa, ya buɗe tagar, ya fitar da katifar daga bayan ƙofa. Haske ya shigo, hayaniyar layi ta biyo shi: mai gyaran babur yana buga ƙarfe, wata mata tana kiran ɗanta, rediyon mai shago. Can aka tashi makaranta, yara suka cika titi da gudu da faɗa da dariya. Ta juya fuskarta wajen tagar tana saurare. Auta ya zauna a gefenta ya riƙe hannunta yana karanta mata kalmar shahada, leɓenta na bin sa. Kafin hayaniyar yaran ta gama wucewa, leɓen suka tsaya.

Auta ya daɗe bai saki hannun ba. Daga baya ya ɗago ya dube ni.

"Tela, rufe mata ido. Ni ba zan iya ba."

Mutane sun zo da yawa, har da manya masu gemu da suka ce ita ta koyar da su. Da aka gama zaman makoki aka watse, Auta ya kai kwamfutar makaranta ya danƙa wa shugabar, ya raba kayan ɗakin, ya sa kwaɗo a ƙofa ya mayar wa mai gida makulli. Ya tsaya a ƙofata zai yi sallama, sai ya ɗaga hannu kawai ya tafi.

Da yammar ranar hadari ya haɗu. Matan gida suka fito da gudu kowa na kwashe shanyarta. Da igiyar ta yi fili sai ga zane ɗaya ya rage a can ƙarshe, shuɗi mai ɗigon fari, wanda na wanke mata a safiyar ranar da ta rasu. Ya bushe har ya yi tauri. Na sauke shi na ninke, na nufi ɗakinta da shi, sai da na kai bakin ƙofa na ga kwaɗon. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi. Na tsaya a nan ƙarƙashin baranda, na sa zanen cikin mayafina don kada feshi ya taɓa shi.