Wanda Aka Bari a Jan Tauraro

Jafaru ya sake laƙƙana wa maƙwabcinsa Mas'udu kalmar shahada, shi kuwa ya amsa tsaf, bai tuntuɓe ko harafi ɗaya ba. Sai da ya numfasa, sannan ya buɗe ido ya ce, "Wai sun koma sun ɗauko Dogo?"

Hansai matar Mas'udu ta sa kuka ƙasa-ƙasa a bayan labule. In mai jinya ya yi wata magana bayan shahada, dole a koma farko, don ita ake so ta zama ta ƙarshe a bakinsa. Tun azahar ake wannan fama, ga numfashi yana ta raguwa.

Dogon nan fa ba ɗan'uwa ba ne. Wani Bature ne a fim mai kashi-kashi da aka taɓa nunawa a sinima nan Garwa, na matafiya masu yawo tsakanin taurari. Sunansa na Faransanci ya gagari bakin mutanen unguwar Roumdé Adjia, suka raɗa masa Dogo. Inda fim ɗin ya tsaya, jirgi ya tashi daga wani jan tauraro, Dogo na waje yana dukan ƙofa. Kashi na gaba bai taɓa isowa daga Duwala ba. André mai haska fim ya sha tambaya har ya daina bi ta kasuwa.

Ai kuwa rumfar ɗinkin Mas'udu ta zama kotu, shekara da shekaru. Ayuba mai goro ya rantse Dogo munafuki ne, da gangan aka bar shi. Jafaru cewa ya yi ya mutu tuni, wa ke rayuwa ba ruwa ba hatsi? Mas'udu kaɗai ya kafe yana nan da ransa, yana jira. Ana yi masa dariya, amma tsofaffi sun san yana yaro kwalekwalen fatake ya taɓa tashi da mahaifinsa aka manta shi a bakin Binuwai, ya wuni yana kallon ruwa.

Hansai ta kira Jafaru bakin labule. "Malam Jafaru, don Allah gaya masa ko mene ne. Kar maigidan nan ya tafi da sunan Bature a baki."

Yi wa mai barin duniya ƙarya ba ƙaramin abu ba ne, kuma Jafaru ya ji nauyinsa har ƙirji. Haka nan ya durƙusa ya ce ai André ya samo kashin ƙarshe, jirgin ya juyo, an buɗe ƙofa, Dogo ya shiga har an ba shi ruwa.

Mas'udu ya yi murmushi irin na rumfa. "Ƙarya kake, Jafaru, ba su koma ba." Idonsa ya zarce bakin ƙofa ya tsaya. "Shi ya gaji da jira ya taho. Ga shi nan tsaye, jar ƙasa har gwiwa. Haba, ka bar baƙo a rana?"

Tsikar jikin Jafaru ta tashi. Ya waiga, babu komai sai hasken la'asar a tsakar gida da kaji sun yi tsit a gindin randa. Duk da haka ya ce, "Bismillah, shigo."

Idon Mas'udu ya biyo wani abu a hankali, daga ƙofa har gefen tabarma kusa da kansa. Kafaɗunsa suka saki. Jafaru ya karanta shahada, ya amsa. Jafaru ya jira tambayar, ya yi ta jira, ba ta zo ba. Ya shafa masa ido, ya gaya wa Hansai ta gode Allah, maigidanta ya cika da kyau.

Kafin magariba maƙwabta sun cika ɗakin maƙil, Ayuba ma a tsaye ya yi addu'a don rashin wuri. Jafaru bai gaya wa kowa komai ba. Gefen tabarmar nan kusa da kan mamaci dai babu wanda ya zauna.