Igiyar Keken Minista

Ranar da Lord Averleigh ya zo garinmu Ramsclough, ina cikin waɗanda suka ja masa keken doki, amma ba don ina ƙaunarsa ba.

Shi ne ministan da gwamnatinmu ta tura Amurka ya shiga tsakanin Arewa da Kudun ƙasar da ke yaƙi da juna. Ya raba ƙasar biyu, 'yan Kudu suka riƙe bayinsu, mu kuma audugarsu ta dawo mana bayan masaƙunmu sun daɗe a rufe. Yunwar wancan lokaci ce ta kori ɗana Seth, ya ƙetare teku ya shiga sojan Arewa. Labari na ƙarshe da muka ji, yana tsare a hannun 'yan Kudu. An yi sulhu, fursunoni suna ta komawa gida, nawa shiru.

A nan idan babban mutum ya yi wa gari alheri, akan kwance dawakinsa a bakin gada, maza su kama igiya su ja kekensa har dandali. Ban ga wata hanyar da masaƙi zai kusanci irinsa ba, don haka na je wurin Ormerod, mai kula da mu a masaƙa, wanda ke zaɓen masu ja.

"Kai, Jabez?" in ji shi. "Ba kai ka tofa yawu a hotonsa a mashaya ba?"

"Tari ne ya kama ni."

"To, ka tabbata bai kama ka yau ba. Ka ba ni kunya, ka nemi wani injin."

Ya sa ni can baya kusa da keken, inda nauyi ya fi yawa, don mugunta. Abin da nake so ke nan.

Muka taso daga gada, mata na jefa ƙullin auduga, makaɗa na busa. Da muka kai tsakiyar hawan tudun coci, inda ya fi tsayi, sai na saki igiya na juya na riƙe ƙofar keken. Keken ya ɗan zame baya, maza suka dafe suna zagina.

"Ranka ya daɗe, ɗana Seth Holroyd yana tsare a Kudu. Yaushe za a sako shi?"

Ministan dattijo ne mai farin gashi, da bargo a gwiwa. Ya dube ni ba fushi, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

"Wa ya tura shi yaƙin?"

"Yunwa."

"Mun hana 'yan ƙasarmu shiga wannan faɗa. Wanda ya ɗauki bindiga da kansa, ba ya cikin yarjejeniya. Arewa ta ce ba nata ba ne, mu ma ba mu tambaya ba."

"Amma auduga kun tambaya."

"Mun tambaya," ya ce. "Ita ce za ka ci da ita gobe, bawan Allah. Sauran 'ya'yanka nawa?"

Ormerod ya iso yana haki, ya damƙi wuyan rigata.

"Kama igiyar nan, tsohon banza, ko ka kwana da yunwa kai da gidanka."

Absalom maƙwabcina, wanda jijiyoyin wuyansa suka fito don nauyi, ya ce, "Jabez, don Allah, zai murƙushe mu. Ka ja yanzu, ka yi zagin daga baya."

Na tuna ƙannen Seth mata da takalmansu da suka huje. Na sunkuya na ɗauki igiyar. Na ja shi har dandali, na tsaya ana yi masa tafi, tafin hannuna ya saɓule.

Da na koma gida, matata Keziah tana bakin ƙofa, ba ta ko cire mayafi ba.

"Ka gan shi? Me ya ce?"

"Ya ce gobe a buɗe masaƙa da wuri."

Ta dubi hannuwana, ta shiga ciki ta ɗauke kwanon Seth daga kan tebur.