Talatar da Maccido Ya Kasa Kiran Suna

Ni Hindatu ba na yafe abu da wuri, duk tashar Illela an san haka. Amma abin da Maccido ya yi wa Innarmu, ko mai sanyin zuciya ne sai ransa ya ɓaci.

Shekarar da aka sake buɗe iyaka ne, bayan soja sun rufe ta mun sha wuya. Yayana Lawwali, ɗan farin Inna, yana Jidda yana tuƙin mota, ya daɗe rabonsa da gida. Sai ya aiko wa Inna da biza ta je ta zauna wurinsa, saboda matarsa tana da tsohon ciki kuma ba ta da kowa a can. Inna ungozoma ce. Rabin yaran unguwarmu ita ta yanke musu cibiya, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa wanke jikanta na wajen Lawwali ba. Ba ta ce tana murna ba, wa ke murnar ɗan fari a fili? Na dai ga ta shanya kuka da kuɓewa, ta ƙulla daddawa a tsumma, tana cewa yarinyar nan za ta buƙaci miyar gida.

Abu ɗaya ya rage, takardar likita da ke nuna lafiyarta ƙalau, wadda in babu ita ba a shiga jirgi. Akwai wani asibitin kuɗi a hanyar Ƙonni inda likita ke zuwa daga Sakkwato kowace Talata yana gwada masu fita waje. Bizar kuma tana da wa'adi, Talata biyu suka rage kafin bizar ta mutu. Aka sa wa Inna ta farko.

Ranar na tsallaka Ƙonni sarin atamfa, Inna ta ce in tafi abina, ƙafarta ta san hanya. Da na dawo bayan la'asar na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, mayafinta bai ma sauka ba.

Na ce, "Inna, mi anka yi? Ina takardar?"

Ta ce, "Ba a gan ni ba."

Sai da na yi ta ja kafin maganar ta fito. Akawun asibitin, wanda ke kiran marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, Maccido ne, ɗan ƙauyen Amarawa. Da Inna ta isa gabansa ya ce takardun masu fita waje da sunan wanda ya aiko da biza ake ajiye su, don haka ta faɗi sunan. Inna ta ce, "Ai ka san shi, yaro." Ya ce bai sani ba. Ta ce, "Mai mota, na Jidda." Ya ce masu mota a Jidda sun fi a ƙirga, ta faɗi suna da ƙarfi kowa ya ji, ko ta koma benci.

Jama'a, uwa ta kama sunan ɗanta na fari, a gaban maza baƙi! Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. "Wancan" take cewa, in ta ji daɗi ta ce "Mai mota." Kuma Maccido ya san Lawwali sarai. Karen motarsa ne a da, har ranar da Lawwali ya kama shi yana tsiyaye mai daga tanki yana sayar wa masu tsallaka iyaka, ya sauke shi. Tun ranar yake riƙe da abin, bai samu Lawwali ba sai ya huce a kan tsohuwa.

Inna ta koma benci ta zauna tun hantsi har likita ya shiga motarsa ya tafi. Sannan Maccido ya ce mata an rubuta ba ta zo ba, kuma akwai tarar saɓa rana.

Washegari na je asibitin ko karyawa ban yi ba. Na same shi a bayan tebur, fanka na kaɗa shi, biro a kunne. Ɗan Amarawa ne fa, amma tun da ya samu kujera ya koma Hausar rediyo.

Na ce, "Maccido, tsohuwar da ta wuni a bencin can jiya, aljana ce ko mutum?"

Ya ce, "Hajiya, ƙa'ida ce. Wanda bai amsa tambaya ba, bai zo ba. A biya tara, a dawo Talata."

"In an biya fa?"

"Ta zo ta faɗi suna da bakinta."

"Ga ni, ni in hwaɗa maka. Lawwali! Lawwali wanda ya sauke ka a hanya da galan a hannu!"

Ko gezau bai yi ba. Ya ce bakin mai takarda ake so, ba na rakiya ba, kuma a asibitin nan kowane suna da ƙarfi ake kiransa, babu ƙauyanci. Wallahi na dubi kwalbar ruwan da ke kan teburinsa, na dubi goshinsa, Allah ne kawai ya riƙe hannuna. Na ce masa sisina ba zai shiga aljihunsa ba, don biyan tarar nan daidai yake da in yarda uwata ta yi ƙarya. Ya yi murmushi ya ce to bizar ta mutu.

A gida Inna ta ce a sayar da akuyarta a biya, ba ta son fitina. Na ce ba kuɗin ba ne matsalar, ko an biya sai ya sake tambayarta.

Ranar Juma'a da hantsi na zagaya bayan ɗaki ɗiban ruwa, sai na ji murya ƙasa-ƙasa. Inna ce tsaye kusa da randa, ta ba ni baya, ita kaɗai. Tana cewa, "La… La…" Sai ta tsaya, ta haɗiye miyau, ta sake. Gwadawa take yi ko bakinta zai iya. Can ta ce, "Astagfirullah," ta share fuska da gefen zane. Na koma da baya a hankali kada ta gan ni, na shiga ɗaki na yi kuka. Da na gama kukan na rantse sai Maccido ya ɗanɗani abin nan a harshensa.

Lahadi ranar kasuwar Illela ce. Na wuce layin atamfa ban ko buɗe kayana ba, na nufi wajen masu man shanu, inda Gwaggo Rahmatu ta Gidan Katta ke zama. Ita ce uwar Fatima, matar Maccido. Surukarsa ke nan, wadda in ya hango ta a hanya yake cire takalmi ya durƙusa, bai taɓa haɗa ido da ita ba balle ya ambaci sunanta. Kuma Inna ce ta karɓi haihuwar Fatima, daga baya ta karɓi ta ɗan Fatima, haihuwar da ta kusa tafiya da yarinyar.

Na tsuguna na gaishe ta, na zayyane mata komai, har da abin da na ji a bakin randa. Ta ajiye ludayinta.

Ta ce, "Wanga yaro shina da hankali kuwa?"

Na ce, "Gwaggo, gwiwar nan taki da kike kuka da ita, ki zo Talata likitan Sakkwato ya duba. Ni zan yankar miki kati."

Ta ce, "Ke Hindatu, ki ji tsoron Allah. Ni in tai wurin aikin suruki in zauna? Da wane ido?"

"Ba za ki ce komai ba. Zama kawai za ki yi a benci, kamar yadda Inna ta zauna."

Ta rufe ƙwaryar man shanunta. Sannan ta ce in zo da mayafi babba, nata ya tsufa.

Talata muka isa da wuri, kafin Maccido ya zo. Malamar asibitin ce ke yanka kati da safe ta tara masa a tebur. Na yankar wa Gwaggo, na roƙi a sa nata a sama don tsohuwa ce daga ƙauye. Muka zauna a bencin gaba, Inna a dama, Gwaggo a tsakiya ta lulluɓe har hanci, ni a hagu. Wurin ya cika, da mutanen Illela da na Ƙonni, har da direbobin tasha biyu da na gaya wa su zo su sha kallo.

Maccido ya shigo yana ƙamshin turare. Ya gan mu ni da Inna, ya yi wannan murmushin nasa, ya zauna ya gyara fanka. Ya ɗauki katin farko ya buɗe murya yadda ya saba.

"Rah…"

Nan ya tsaya. Ya kawo katin kusa da ido. Ya ɗago, daidai lokacin Gwaggo ta sassauta mayafinta, tana kallon bango. Na ga biron ya faɗo daga kunnensa. Ya zame daga kujera ya durƙusa a bayan tebur yana lalubar takalminsa ya cire, kansa kawai muke gani. Daga can ƙasa ya miƙo hannu ya tura katin ƙarƙashin sauran.

Na miƙe na ce, "Malam akawu, ka tsallake kati."

Ya ce a hankali, "Hindatu, don Allah."

"Yau ni ce Hindatu, ba Hajiya ba? Ka kira suna. A asibitin nan da ƙarfi ake kiran kowane suna, babu ƙauyanci. Ko ba kai ka hwaɗi ba?"

Ya ce, "Inna ta shiga kawai, ba sai an kira ba." Hausar rediyon ta gudu, ta Amarawa ta dawo bakinsa.

Na ce, "Wace Inna? Innoni sun fi a ƙirga a bencin ga. In ba ka kira ba, ba ta amsa ba. In ba ta amsa ba, ba ta zo ba. Sai ka ci surukarka tara, mu gani!"

Direbobin suka kece da dariya, sauran jama'a suka ɗauka. Wani dattijo ɗan Ƙonni ya ce ai shi ma yana nan makon jiya, da idonsa ya ga tsohuwar nan ta wuni ko ruwa ba ta sha ba. Hayaniyar ce ta fito da likita, Dakta Attahiru, da abin awon ƙirji a wuya. Ya ga akawunsa durƙushe ba takalmi, ya tambayi abin da ke faruwa. Ban bar kowa ya riga ni ba, na faɗa masa tun daga tsiyayar mai har zuwa tara.

Likitan ya ce shi bai taɓa kafa dokar sai mai takarda ya faɗi sunan kowa ba, fasfo ya isa. Ya juya ya ce, "Maccido, tsohuwar nan ta zo ranar Talata ko ba ta zo ba?"

A gaban surukarsa ba shi da bakin ƙarya. Ya ce, "Ta zo."

"Ka san wanda ya aiko mata da biza?"

"Na sani."

Likita ya ce babu wata tara, kuma shi da kansa ya ɗauko takardun Inna daga tebur, ya ce ta shigo ita ce ta farko, Gwaggo ta biyo baya. Ni dai ban ƙoshi ba. Na ce a kore shi, na ce a sa shi ya kira sunan tukuna, ko sau ɗaya, yadda ya so Inna ta yi. Likita ya ce zancen aiki nasa ne da akawunsa, zai ji da shi. Raina ya so fiye da haka, ba zan ɓoye ba.

Aka auna Inna, aka ɗebi jininta, aka saurari ƙirjinta. Kafin azahar likita ya sa hannu, ya ba Maccido takardar ya buga hatimi ya kai mata. Gwaggo ta fito daga wurin likita ta koma benci ta zauna, don haka da rarrafe ya zagayo teburin, ya miƙa takardar da hannu biyu, kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Inna ta miƙa hannu. Ta karɓi takardar ta ninke, ta ƙulle a bakin zanenta. Na ɗauka wucewa za ta yi. Sai ta sunkuya kusa da kunnensa, murya a sanyaye, irin wadda take yi wa mai naƙuda.

Ta ce, "Da wuya ko, yaro?"

Bai ɗago ba.

Mako bai zagayo ba muka raka Inna tasha ta hau motar Kano, inda za ta shiga jirgi, da ƙullin kukarta da daddawarta. Direbobi sun riga sun raɗa wa Maccido suna, Malam Rah, kuma har yau in ya ratsa tasha sai wani ya kira shi da shi. Ni na fara, kuma ban daina ba.

Mota na shirin tashi Inna ta leƙo ta taga ta yafito ni. Ta ce, "Akwai saƙon da za a kai wa wancan?"

Na ce, "Ki ce masa sunansa yana nan inda kika ajiye shi, ba wanda ya taɓa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, motar ta tashi.